Motar da Baba Ya Bari

Duk ranar da zan fita da motar, da na dawo daga sallar asuba sai in buɗe bonet. In zare sandar auna baƙin mai, in goge ta da tsumma, in mayar, in sake zarowa in duba. In buɗe murfin lagireto in leƙa ruwa. In danna fambel da yatsa in ji ko ya saki. Sannan in shiga, in ja cok idan lokacin hunturu ne, in taka totur sau biyu, in yi bisimilla in murɗa makulli. Ba ni na ƙirƙiro wannan tsari ba. Haka na ga mahaifina yana yi tun ina shekara 7, kuma motar da nake yi wa hakan ita ce dai wadda ya yi wa: Peugeot 504 fara, wadda kowa ke kira Fijo, da ya saya a 1981.

Baba, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne. Aikinsa shiga ƙauyuka, daga Zariya zuwa Maigana, Soba, Ikara da Maƙarfi, yana kai wa manoma irin masara da na auduga, yana nuna musu yadda ake zuba takin zamani. Ya yi shekaru a kan babur kafin ya kai matsayin da ake ba ma'aikaci bashin mota. Ranar da ya tsaya da ita a ƙofar gidanmu a Tudun Wada ban manta ba. Leda na kan kujeru, yaran unguwa sun kewaye ta suna kallon fuskokinsu a ƙarfen gaba mai sheƙi, Umma ta sa an raba waina sadaka, maƙwabta suna ta shigowa da "Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare." Wannan bashin shi kaɗai Baba ya taɓa ci a rayuwarsa. Ana cire masa a albashi wata-wata, ga tsuke bakin aljihun da gwamnatin Shagari ta shigo da shi a 1982 ya zo ya same shi yana tsakiyar biya. Ya sha gaya mana cewa farin cikin ranar da ya gama biya ya fi na ranar da aka miƙa masa makulli.

Yaran yanzu in na ce musu a Kaduna aka haɗa motar nan sai su ɗauka wasa nake yi. A Kakuri kuwa aka haɗa ta, a masana'antar Peugeot da ta fara aiki a 1975, hannun 'yan ƙasar nan ne ya ɗaure notocinta. A wancan zamani ana haɗa Volkswagen a Legas, manyan motoci da taraktoci a Bauci da Kano, Mercedes a Enugu. Faransa ta fito da 504 a 1968, ta wuce ga wasu samfura da daɗewa, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, saboda hanyoyinmu sun karɓe ta. Tun mulkin soja na Obasanjo ta zama motar manyan jami'an gwamnati na wancan zamani. Kwamishina, alƙali, babban sakatare, duk a cikinta ake ganinsu. Doguwar kuma, wagon, ita ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Jos da Maiduguri da Sakkwato. Motar da yau ake ce wa akwala a gabana, na ga lokacin da ake miƙewa tsaye in ta tsaya a ƙofar gida. Ƙarfen yana nan yadda yake, idon mutane ne ya juya, kuma wannan ya daɗe yana aiki a zuciyata.

Baba ya rasu a 2004. Da aka zauna rabon gado, ba wanda ya waiwayi motar. Yayana ya ce a sayar wa direbobin tasha a raba kuɗin, tun tana da sauran daraja. Na ce a yi mata kuɗi a sa a rabona. Ya dube ni ya ce, "Kai dai ka cika son wahala. Wannan kuɗi za ta yi ta ci." Na ce, "Yaya, na ji, amma a bar min ita." Umma ba ta ce uffan ba a wurin. Bayan kwana biyu ta kira ni ɗakinta, ta buɗe akwatin Baba ta ɗauko wani littafin rubutu da ya sha hannu ta miƙa min. Ta ce, "Tunda kai ka ɗauka, ga abokin tafiyarta."

A littafin nan Baba ya rubuta duk abin da aka taɓa yi wa motar tun 1981. Kwanan wata, abin da aka canza, kuɗin da aka kashe, wani lokacin har da ɗan bayani a gefe: "tana tari da safe", "birkin baya na hagu yana kamawa". Na zauna na karanta shi tun daga farko kamar mai karanta wasiƙa. A nan na ga watan da aka haifi autanmu ya jinkirta sayen taya. Na ga shekarun da suka biyo bayan 1986, da naira ta karye, inda rubutun ya sauya daga "an sa sabo" ya koma "an gyara", "an yi walda", "an naɗe". Daga shafin da ya tsaya na ɗora. Yanzu ina kan littafi na uku.

Gaskiya a shekarar farko maganar Yaya ta kusa tabbata. Ni malamin makarantar sakandare ne, kimiyyar lissafi da motsi nake koyarwa, na sha zana injin mai bugu huɗu a allo, amma ban taɓa riƙe sifana ba. Duk abin da ya samu motar sai in kai gareji in tsaya gefe ina kallon agogo, a faɗa min kuɗi in biya. Wanda ya canza min wannan shi ne bakaniken Baba, wani dattijo mai gareji a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a Sabon Gari, wanda shi ke taɓa motar tun tana sabuwa. Baba nake ce masa shi ma. Wata Asabar na kai ta tana cijewa, ya goge hannunsa ya ce, "Ɗana, mahaifinka in ya kawo motar nan cire babbar riga yake yi ya rataye a wancan reshen. Kai kuma tsayawa kake yi kamar baƙo. In haka za ka riƙe ta, gara ka sayar tun yau." Na ji kunya ƙwarai. Na cire rigata na rataye a reshen.

Shekara biyu na yi kusan kowace Asabar ina ƙarƙashin mangwaron nan. Abin da ya fara koya min shi ne in mota ta ƙi tashi kada in ruɗe, in tambayi abu uku: mai yana zuwa? wuta tana zuwa? iska tana shiga? Ya nuna min yadda ake kwance kafireta a baza kayanta a kan faifan tire, a wanke da fetur, a hura 'yan ƙananan ramukan da baki har sai iska ta fita sarai. Ya nuna min yadda ake karanta fulogi: in bakinsa ya yi ruwan ƙasa injin yana lafiya, in ya yi baƙi da kunkunniya mai ya yi yawa, in ya yi jiƙe da baƙin mai to ringi ya fara gajiya. Abin da ya fi burge ni shi ne saita kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don fulogi ya samu wuta. Ya buɗe murfin dilko, abin da ke raba wa fulogai wuta, ya juya injin da hannu har bakin kwantak ɗin ya buɗe iyakar buɗewarsa, ya yago ɗan kwalin ashana ya zura a tsakani, ya sassauta noti, ya matsa kaɗan, ya ɗaure. Ya ce kwalin ya shiga yana ɗan jan jiki, kada ya yi lako-lako, kada kuma ya maƙale. Daga baya na samu ma'auni na gwada, tazarar ba ta kai rabin milimita ba, kuma daidai take da abin da ake so. Mutumin bai yi boko mai nisa ba, amma abin da nake zanawa a allo shi a yatsunsa yake.

A nan na fahimci dalilin da ya sa irin motar nan ke daɗewa. Ba ta da ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk abin da ke cikinta ido na gani, hannu na kaiwa. Tayoyin baya ne ke tura ta, ƙasanta a ɗage yake, ƙafafunta suna da doguwar lanƙwasa, shi ya sa take haɗiye gargada kamar ba ta taka ba. Hatta bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsu ana zare su a sa sababbi, injin ya koma kamar jiya aka yi shi. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne da tunanin za a gyara ta.

Amfanin wannan koyo na gan shi a daren da ba zan manta ba, cikin watan Agusta na 2009. Umma ta je ƙauyenmu da ke bayan Maigana gaisuwar rasuwa, ciwo ya kama ta da dare, aka bugo min waya. Na isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwata. A dawowa rafin da na tsallaka da sauƙi ɗazu ya cika ya hau hanya. Laifina ne, na shiga da gudu saboda gaggawa, ruwa ya yi tsalle ya shiga cikin bonet. Muna hawa gaɓar can sai injin ya yi tari biyu ya mutu. Na murɗa makulli, kikista na juyawa, mota ba ta kamawa. Ba gida kusa, ba fitila, sai kukan kwaɗi da numfashin Umma. Ƙanwata ta fara salati da ƙarfi. Na fita cikin ruwan, na ce ta miƙo min wayarta mai tocila, na kama ta da haƙori. Mai yana zuwa, na ji warinsa. Na ɓalle maƙullan murfin dilko biyu, na juyo shi, cikinsa duk raɓa. Na zaro gefen singiletina, wurin da bai jiƙe ba, na goge murfin lungu-lungu, na goge kwantak, na zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya na tsane su na mayar, ina kare injin da bayana kada ruwan sama ya sake shiga. Hannuna rawa yake yi. Na koma ciki na ce, "Umma, ki yi mana addu'a." Na ji ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na murɗa. Ta yi gyaran murya, ta cije, ta kama. Kafin kiran sallar farko muna asibiti a Zariya. Umma ta ƙara shekara shida a duniya bayan wannan dare.

Ba na cewa mota ce ta cece ta, Allah ne ya nufa da sauran kwana. Amma tun daga ranar, duk mai ce min in rabu da ita ba ya sanin da me yake magana.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 2012. Na ba wani ɗan'uwa aronta zai kai iyalinsa biki. Tiyon lagireto ya tsage a hanya, allurar zafi ta hau, shi kuma bai saba duba ta ba, ya ci gaba da tafiya har injin ya buga. Da igiya aka jawo ta gida. Ban yi masa faɗa ba, ni ne ban gaya masa abin da zai riƙa lura da shi ba. Wata uku tana ajiye a ƙofar gida, ƙura ta rufe ta, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. 'Yan jari-bola suka fara sallama suna tambaya ko ta sayarwa ce, a kilo za su auna. A lokacin ne kuma aka buɗe ba da rancen mota a ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aikinmu, abokan aiki suna ta karɓa ana sayo musu 'yan Kwatano masu sanyi da gilashi mai hawa da kansa. Har fom na karɓa. Ya kwana huɗu a aljihuna. Na zauna na lissafa abin da za a riƙa cirewa a albashina na shekara uku, na ga kusan kuɗin makarantar yara biyu ne. Na tuna fuskar Baba duk ƙarshen wata a shekarun da yake biya. Na mayar da fom ɗin ba tare da na cike ba.

Muka shiga neman kaya ni da Baba bakanike. Panteka a Kaduna mun je sau biyu, Ƙofar Ruwa a Kano sau ɗaya. A nan na koyi cewa sabon kaya a kwali ba shi ne na ƙwarai ba. Na taɓa sayen famfon ruwa fil a leda, da tambari da komai, bai yi wata biyu ba ya fara zuba, ashe jabu ne. Tsohon na asali da aka ciro daga wata motar, wanda 'yan kasuwa ke kira Baljiyam, sau da yawa ya fi shi nisa. Dattijon yakan ɗauki ƙarfe ya jinjina nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da sifana ya saurara, ya ajiye ba tare da ya ce komai ba, mu wuce shago na gaba. Da kaɗan-kaɗan, wata uku ina ware wani abu daga albashi, muka haɗa fistin da ringi da metal da gasket. Ranar da aka tashi injin bayan haɗawa, ya sa sukundireba a jikin tof, wato saman injin, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya rufe ido ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Je ka, amma kada ka wuce sittin sai ka canza mai sau biyu." Wannan injin ne a cikinta har yau.

Wahalar ƙarfe mai sauƙi ce a kan ta mutane. A wurinmu mota riga ce, da ita ake auna mutum tun kafin ya yi sallama. An taɓa ɗaurin auren wani ƙanen mai ɗakina a Kano, na yi fakin a layin motocin ango. Wani saurayi ya zo da ladabinsa ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah a ɗan matsar da ita baya, za a ɗauki bidiyo." Na matsar. Ban yi fushi da yaron ba, aiko shi aka yi. Amma abin ya soke ni, kuma na ga ya soki mai ɗakina fiye da ni, don a gaban danginta aka yi. A hanyar dawowa har muka wuce Kwanar Dangora ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Malam, ni ban raina abin da kake da shi ba. Amma ka sani ba kai kaɗai kake ɗaukar maganar mutane ba, har da mu." Maganarta gaskiya ce, kuma ban taɓa kallon abin ta wannan gefen ba. Ni na zaɓi wannan hanya da hankalina, su kuwa tarar da kansu suka yi a ciki.

Wanda ya fi wannan zafi shi ne na 'yata ta fari, mai sunan Umma, wadda nake kira Mamana. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kullum ni ke sauke ta. Wata safiya tun kafin mu kai kwanar makarantar ta ce, "Abba, ka sauke ni a nan, zan ƙarasa da ƙafa." Na ce, "Lafiya, Mamana?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta. Da ƙyar ta ce 'yan ajinsu suna cewa motar gidansu ta kai gawa ce. Na tsaya a gefen titi na sauke ta. Na bi ta da kallo har ta shige, sannan na kifa kaina a sitiyari. A ranar na yi niyyar sayar da ita da gaske.

Da dare bayan isha'i na kira ta, na kira mahaifiyarta, na ɗauko littattafan nan da takardar albashina na baza a tabarma. Ban yi mata wa'azi ba. Na nuna mata abin da nake samu, na nuna mata abin da motar ke ci a shekara, na nuna mata abin da za a riƙa cirewa in na ci bashin wata. Na ce in mun sayi sabuwa, ita da ƙanenta za su bar makarantar da suke, kuma gonar da muke tara kuɗin saye sai a haƙura. Na ce, "Ban ce dole ki so motar nan ba. Duk inda kika ce in sauke ki, nan zan sauke ki, kuma ba zan ji haushi ba." Ta ɗauki littafin farko tana buɗawa, ta tambaya ko wannan rubutun Kaka ne. Na ce nasa ne. Ta daɗe tana dubawa. Kusan shekara guda a kwanar nan nake sauke ta, ban sake tayar da maganar ba. Wata rana muka iso kwanar na rage gudu, ta ce, "Abba, mu ƙarasa." Yanzu tana jami'a.

Gonar mun saye ta, kadada biyu a hanyar Soba, masara da waken soya muke yi. Motar ce ke kai taki, ita ke kwaso buhunan da muke ci a gida. Kuma a hankali halin da na koya a ƙarƙashin mangwaro ya bazu cikin gidan ba tare da mun shirya ba. Fanka in ta tsaya sai mu kai a naɗe ta. Keken ɗinkin mai ɗakina na kakarta ne, ni ke yi masa sabis. Da muka aurar da ƙanwarta da ta tashi a hannunmu, mun yi abin da za mu iya, ba mu kama zauren biki ba, ba mu fitar da anko ba, an yi ta magana, maganar ta wuce. Ba na bin kowa da ido, kuma ba mai ƙwanƙwasa min ƙofa ƙarshen wata. Ba na ganin laifin abokaina da suka ci rancen, wasunsu tafiyar aikinsu ta fi tawa nisa, kowa da inda takalmi ke matsa masa. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya sayi abu don kada a raina shi, ya kwana yana lissafin yadda zai biya. Na ga masu ajiye mota mai tsada wata da watanni saboda ƙwaƙwalwarta ta lalace, gyaran sai an sa mata kwamfuta, kuɗin kayan kuma da dala ake lissafa shi.

Aibin motata kuwa ba na ɓoye shi. Tana shan mai fiye da ƙananan motocin yanzu. Ba ta da sanyi, a watan Afrilu sitiyari har ƙona hannu yake yi. Ba ta da jakar iskar da ke kare mutum a haɗari, birkinta na zamaninta ne, shi ya sa ba na wuce tamanin ko hanya ta yi kyau, kuma ba mai shiga gaba sai ya ɗaura bel. Tsatsa ta ci ƙasan ƙofofin baya, sau biyu ana yi mata faci da walda. Ga halin da hanyoyinmu suka shiga na rashin tsaro, tsayawar mota a daji yanzu ba irin ta 2009 ba ce. Mai ɗakina ta roƙe ni in daina tafiyar dare da doguwar tafiya da ita, na yi mata alkawari, kuma ina kan sa. In Abuja za ni, Rigasa nake zuwa in hau jirgin ƙasa.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1000. Wannan ya taɓa ni sosai. Na gyara tsohon keken hawa, da shi nake zuwa makaranta yanzu, tafiyar minti ashirin da biyar. Motar sau biyu ko uku take fita a mako: gona, cefanen wata, asibiti, ziyarar dangi ranar Juma'a. Ko ba za ta fita ba nakan tashe ta ta yi ɗumi, don zama yana kashe mota fiye da tafiya. Ina jin maganar mayar da motoci su koma amfani da iskar gas, na kuma je na ga yadda ake ɗaura tukunyar a but. Ina tunani a kai, amma tukunyar za ta cinye wurin buhu biyu, kuma ban gama yanke shawara ba.

Abin da ke damuna yanzu ba kayan gyara ba ne, ana samu har yanzu in mutum ya san inda zai nema. Masu hannun ne ke ƙarewa. Baba bakanike idonsa ya yi rauni, ya daina kwanciya ƙarƙashin mota, yaransa da yawa sun koma tuƙin Keke Napep, waɗanda suka rage kuma motocin zamani suke so su koya, kuma ban ga laifinsu ba, can abinci yake. Wata Asabar da ta wuce na ɗauki ɗana, mai shekara 15, muka je gaishe shi. Motar na ɗan cijewa in ta yi zafi. Dattijon yana zaune a benci da carbinsa, ya ce a tashe ta. Ya saurara, ya ce kwantak ne ya matse. Na miƙa hannu zan ɗauki sukundireba ya ce, "A'a, ba kai ba. Jikana, zo nan." Yaron ya dube ni, ya cire rigar samansa, ya nemi inda zai ajiye. Na nuna masa reshen.

Sau uku yana saitawa dattijon yana sa shi ya sake, yana laluba kwalin ashanar da yatsa yana cewa ya yi sako-sako. A na huɗu ya gyaɗa kai. Da muka dawo gida na ɗauko littafi na uku na ba yaron biro. Ya rubuta kwanan wata, ya rubuta "an saita kwantak", ya tsaya a wurin kuɗi ya tambaye ni me zai sa. Na ce ya sa kuɗin goron da muka kai wa Baba.